Daga gareji a Sheffield zuwa kunnen duniya: tambayoyi da amsoshi kan farkon tarihin Arctic Monkeys

Duk wanda ya bi labarin yadda intanet ya sauya harkar waƙa, sai ya ci karo da sunan wasu samari huɗu daga arewacin Ingila. A 2002 ko riƙe jita ba su gama iyawa ba. A farkon 2006 kuwa kundinsu na farko ya kafa tarihin ciniki a Birtaniya. Abin da ya faru tsakanin waɗannan shekaru ana yawan ba da shi a gurguje, a ce intanet ne ya yi su, a wuce. A ganina wannan taƙaitawa ta tauye haƙƙin mutane da yawa, musamman masoyan da suka ɗauki waƙoƙin a hannu suka yaɗa ba tare da an biya su ko kwabo ba. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Su wane ne Arctic Monkeys, kuma daga ina suka fito?

Ƙungiyar makaɗan rock ce da wasu abokai suka kafa a 2002 a High Green, wata unguwa da ke gefen birnin Sheffield ta arewa, a yankin Yorkshire. Su huɗu ne: Alex Turner mai rera waƙa da kaɗa jita, Jamie Cook shi ma mai jita, Andy Nicholson mai jitar bas, wato wadda ke ba da amo mai kauri, sai Matt Helders a kan ganguna. Turner da Helders tare suka tashi tun suna yara, Cook maƙwabcinsu ne, Nicholson kuma sun haɗu da shi a sakandaren Stocksbridge. Lokacin da suka fara, shekarunsu ba su wuce 16 zuwa 17 ba.

Masu kallon ƙwallo sun san Sheffield da ƙungiyoyinta biyu, United da Wednesday. Amma asalin sunan da garin ya yi a duniya na ƙira ne: ƙarfe, wuƙaƙe, cokula. Masana'antun sun durƙushe a shekarun 1980, dubban mutane suka rasa aiki, manyan gine-gine suka zama kango. Wasu daga cikin waɗannan gine-gine aka gyara su suka zama ɗakunan atisaye na makaɗa, haya kuma da sauƙi. Garin ya riga ya fitar da Def Leppard da The Human League da Pulp, don haka yaron da ya tashi a nan ya san cewa ɗan garinsu ma yana iya yin suna da kiɗa.

Me ake buƙata kafin a ce an kafa ƙungiyar rock?

Ba abu mai yawa ba. Jita mai amfani da lantarki ɗaya ko biyu, jitar bas, jerin ganguna da faranta na ƙarfe da mutum ɗaya ke kaɗawa da hannu da ƙafa, sai lasifika da mai waƙa. Babban sharaɗin shi ne su kaɗa tare, a lokaci guda, kowa yana sauraron ɗan uwansa. Nan ya bambanta da waƙar da mutum ɗaya ke haɗa mata kiɗa a kwamfuta: in mai ganga ya yi gaggawa ko mai bas ya yi nawa, kowa zai ji. Shi ya sa atisaye ke cin watanni.

Sun iya kiɗa kafin su haɗu?

A'a. Turner da Cook sun sami jitocinsu ne a matsayin kyautar Kirsimeti ta 2001. Helders ya faɗa a hirarraki cewa ya koma kan ganguna ne saboda su kaɗai suka rage, sauran sun riga sun ɗauki jita. Mahaifin Turner malamin makaranta ne da ya san kiɗa, mahaifiyarsa kuma malamar Jamusanci ce, don haka gidan bai rasa faifai da littattafai ba, amma ba wanda ya shiga makarantar koyon rock a cikinsu. A garejin iyayensu suka fara, suna kwaikwayon waƙoƙin wasu, musamman The Strokes na New York, waɗanda kundinsu na 2001 ya sa yara da yawa a Ingila suka nemi jita. Da farko Turner ma bai so ya tsaya gaba ya yi waƙa ba. Sai da aka gwada wasu abokai kafin ya karɓa.

Abin da ke burge ni shi ne sun kwashe kusan shekara guda suna atisaye kafin su yarda wani baƙo ya ji su. Daga baya suka koma Yellow Arch, wani tsohon ginin masana'anta a unguwar Neepsend, suka ci gaba a can.

Yaushe suka fara wasa a gaban jama'a?

Ranar 13 ga Yuni, 2003, a wata ƙaramar mashaya mai suna The Grapes a tsakiyar Sheffield. An ba su fam 27. A Ingila irin waɗannan wurare ne makarantar makaɗa masu tasowa: ɗan dandamali a ɗaki, mutum talatin ko hamsin, rabinsu abokai da 'yan uwa. Ba da daɗewa ba wani tsohon makaɗi mai suna Geoff Barradale ya gan su, ya zama manajansu. Shi ya riƙa ɗaukarsu a mota zuwa garuruwan arewacin Ingila da tsakiyarta har Scotland, suna wasa a ƙananan wurare. A wannan lokaci Cook yana aikin shimfiɗa tayil, Turner kuma yana aiki a wani gidan wasa mai suna The Boardwalk, inda yake ganin ƙungiyoyi iri-iri suna hawa dandamali kowane dare.

To ta yaya waƙoƙinsu suka shiga intanet?

Ta hannun masoya, ba ta hannunsu ba. A 2003 da 2004 sun riƙa shiga wani ƙaramin situdiyo a Sheffield mai suna 2fly, inda Alan Smyth ke ɗaukar musu waƙoƙin gwaji, uku ko huɗu a zama ɗaya. Irin wannan ɗauka ba ta kasuwa ba ce. A al'ada ana yin ta ne a aika wa kamfanonin waƙa ko masu gidajen wasa don su ji abin da ƙungiya ta iya. Su kuwa sai suka riƙa kwafar waƙoƙin a faifan CD a gida, suna raba wa duk wanda ya zo kallonsu, kyauta.

Faifan ba su da yawa, masu so kuma suna ƙaruwa. Wanda ya samu sai ya sa a kwamfuta, ya mayar da waƙoƙin MP3, ya tura wa abokinsa ta imel ko ta manhajar hira, ko ya ɗora a zaurukan tattaunawa na masoya kiɗa. Wani ya tattara waƙoƙi 18 wuri guda, tarin ya sami suna Beneath the Boardwalk, daga sunan gidan wasan nan da Turner ke aiki. Ba ƙungiyar ce ta raɗa sunan ba, ba kuma ita ta jera waƙoƙin ba. Wani mai ɗaukar hoto na garin ya riƙa ɗaukar wasanninsu a bidiyo yana sakawa a shafinsa, shi ma ba da kwangila ba.

Lokacin ma ya taimaka. A 2005 ne masu intanet mai sauri a gidajen Birtaniya suka zarce masu amfani da tsohon layin tarho mai jan ƙafa. Waƙar da a da sai mutum ya jira minti ashirin kafin ta sauka, yanzu cikin ɗan lokaci ta iso. Ɗalibi daga Sheffield da ya tafi jami'a a Manchester ko Newcastle yana tafe da waƙoƙin a kwamfutarsa, kafin ƙarshen zango duk ɗakin kwanansu sun haddace.

Sakamakon ya bayyana ne a dandamali. Yaran suka fara isa garin da ba su taɓa zuwa ba, su tarar ɗaki ya cika, jama'a suna rera baitoci tare da su daga farko har ƙarshe, alhali ba su da ko faifai ɗaya a kanti. A bikin kaɗe-kaɗe na Reading da Leeds a watan Agustan 2005 an sa su a ƙaramin tanti na sababbin ƙungiyoyi, sai taron ya fi ƙarfin tantin, mutane suka tsaya a waje suna amshi.

Amma ai an ce MySpace ne ya fito da su?

Haka jaridu suka yi ta rubutawa a 2005 da 2006, har ya zama kamar karatu. MySpace shafin sada zumunta ne da aka buɗe a Amurka a 2003, kafin Facebook ya mamaye duniya. Abin da ya sa makaɗa suka so shi shi ne kowace ƙungiya tana iya buɗe shafi ta sa waƙoƙi huɗu, duk wanda ya shigo ya saurara nan take. A Yulin 2005 kamfanin News Corporation na Rupert Murdoch ya saye shi kan dala miliyan 580, wato daidai lokacin da sunan Arctic Monkeys ke tashi. 'Yan jarida suna neman labarin da zai nuna ƙarfin wannan sabon abu, sai ga yaran Sheffield sun faɗo musu daidai.

Gaskiyar ita ce akwai shafin ƙungiyar a MySpace, kuma ya taimaka, musamman wajen isar da su Amurka. Sai dai masoya ne suka buɗe shi. Da wata mujallar Amurka ta tambaye su a 2005, sun ce ba su ma san mene ne MySpace ba lokacin da ake ta danganta su da shi. Kuma kafin shafin ya yi tasiri a Ingila, waƙoƙin sun riga sun zaga ta faifan hannu da imel da zauruka.

Ina ganin bambancin yana da muhimmanci. In aka ce shafi ne ya yi su, an mayar da yabon ga kamfani. In aka bi yadda abin ya faru, yabon na komawa ga yarinyar da ta kwafa wa ƙawarta faifai, da saurayin da ya kwana yana ɗora waƙa da intanet mai tsada, da su kansu makaɗan da suka yi shekara biyu suna kwana a mota tsakanin gari da gari.

Raba waƙa kyauta ba hasara ba ce?

A wancan zamani kusan duk manyan masana'antar waƙa haka suka ɗauka. Napster, manhajar da ta fara sauƙaƙa musayar waƙa tsakanin mutane, ta fito a 1999. Ƙungiyar Metallica ta kai ta ƙara a 2000, kotu kuma ta tilasta rufe ta a 2001. A Satumban 2003 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka ta shigar da ƙarar mutum 261 a tashi ɗaya saboda musayar waƙa, takwararta ta Birtaniya ita ma ta bi sahu a 2004. Cinikin faifai yana raguwa, kuma tsoron da suke ji ba na banza ba ne.

Amma halin wanda ya riga ya yi suna daban yake da na wanda ba a sani ba. Wanda ba a sani ba, babbar matsalarsa ba satar waƙa ba ce, rashin mai saurare ne. Su kansu yaran sun ce ba don kuɗi suka ɗauki waƙoƙin gwajin ba, kuma tunda kyauta suke bayarwa, yaɗuwarsu a intanet ba ta dame su ba. Hasali ma ta sa wasanninsu sun fi armashi, domin jama'a sun san baitocin. Mai tsire yakan miƙa maka ɗanɗano don ya san in ka ji daɗi za ka sa hannu a aljihu. Nasu ɗanɗanon dai ya wuce yanka ɗaya, kusan duk abin da suke da shi suka bayar. Duk da haka, da kundin ya fito, mutanen da suka riga suka mallaki yawancin waƙoƙin a kwamfuta su ne suka fara yin layi a kanti. Suna son ɗauka mai tsabta, suna son abin riƙewa a hannu, kuma suna jin cewa ƙungiyar tasu ce, nasararta tasu ce.

Ba zan ce wannan dabara tana yi wa kowa aiki ba. Dubban ƙungiyoyi sun raba waƙa kyauta a waɗannan shekaru, ba wanda ya tura wa wani.

Me ke cikin waƙoƙin da ya sa mutane suke turawa?

Nan ne asirin yake, in akwai asiri. Turner yana rubuta abin da idonsa ya gani a daren Juma'a da Asabar a Sheffield: masu gadin ƙofar gidan rawa da ke hana yara shiga, layin jiran tasi bayan an tashi, faɗan samari, motar 'yan sanda, saƙon waya da aka aika cikin maye aka yi nadama da safe, saɓani tsakanin saurayi da budurwa. Yana ambaton sunayen unguwanni na gaske. Kuma yana rerawa da harshen garinsu, da karin Yorkshire, a lokacin da mawaƙan Ingila da yawa ke lanƙwasa harshe su yi kamar Amurkawa ko 'yan Landan. Ɗaya daga cikin waƙoƙinsu na farko ma zolayar irin waɗannan masu kwaikwayo ce.

Ya kamata mai karatu ya san cewa rayuwar da ake bayyanawa ta mashaya ce da yawon dare, kuma akwai kalmomi masu nauyi. Amma ba yabon wannan rayuwa kawai ake yi ba. Waƙarsu ta biyu da ta hau kan jadawalin waƙoƙin da aka fi saye tana magana ne kan wata mace da talauci ya jefa karuwanci a titunan da ke kusa da ɗakin atisayensu, da mugun mutumin da ke cin moriyarta, kuma da tausayi aka rubuta ta. Yaro ɗan shekara 18 ya lura da wannan, ya mayar da shi waƙa ba tare da wulaƙanta matar ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Salon jera kalmominsa, da sauri da cunkoso, ya samo shi daga waƙoƙin hip hop da suka saurara suna yara, da kuma John Cooper Clarke, mawaƙin baka na Salford. A ƙarƙashin wannan duka ga gangar Helders, mai gudu da ƙarfi, wadda ko a ɗaukar gwaji mai arha tana fitowa sarai.

Me ya sa suka ƙi manyan kamfanoni?

A watan Mayun 2005 sun fitar da faifansu na farko na sayarwa da kansu, mai waƙoƙi biyu, a ƙarƙashin wani ɗan tambari nasu mai suna Bang Bang: CD 500 da faifan garmaho 1,000, sai kuma a iTunes. A lokacin wakilan manyan kamfanoni suna ta zarya zuwa Sheffield. A watan Yuni suka sa hannu da Domino, kamfani mai zaman kansa da Laurence Bell ya kafa a Landan a 1993, wanda bai daɗe da samun nasara da ƙungiyar Franz Ferdinand ba. Dalilin da suka bayar shi ne Bell mutum ne da ke ɗaukar waɗanda yake son kiɗansu kawai, kuma ba zai ce su sauya salo ba.

Ƙungiyar da ta zo da jama'arta a bayanta tana da bakin magana a teburin ciniki. Wannan ita ce riba ta zahiri da masoyan intanet suka jawo musu: ba su je roƙo ba, zaɓa suka yi. Har yau kuma suna tare da Domino.

Wane irin ciniki suka yi da suka shiga kasuwa?

Waƙarsu ta farko a Domino, I Bet You Look Good on the Dancefloor, ta fito ranar 17 ga Oktoba, 2005, ta hau lamba ɗaya a jadawalin Birtaniya a makonta na farko. Ta biyun ma haka ta yi a Janairun 2006. Kundin, mai suna Whatever People Say I Am, That's What I'm Not, an ɗauke shi a wani situdiyo a karkarar Lincolnshire tare da Jim Abbiss, ya fito ranar 23 ga Janairu, 2006, mako guda kafin ranar da aka sa tun farko. A makon farko an sayar da kwafi 363,735. Ba a taɓa samun kundin farko na wani mawaƙi da ya yi irin wannan gudu a Birtaniya ba kafin nan. Leona Lewis ta zarce adadin a 2007, amma ita mawaƙiya ce tilo da ta fito daga gasar talabijin. A Satumban 2006 kundin ya ci kyautar Mercury, wadda ake ba kundin da ya fi fice a shekara a Birtaniya da Ireland. Turner bai kai makonni uku da cika shekara 20 ba lokacin da kundin ya fito.

Ko dai akwai 'yan talla a ɓoye da suka shirya komai?

An yi wannan zargi, kuma ba laifi a yi tambayar. A 2006 wata mawaƙiya 'yar Scotland, Sandi Thom, ta yi suna da labarin cewa tana wasa kai tsaye ta intanet daga wani ɗakin ƙasa a kudancin Landan, dubbai suna kallo. Jaridu suka yi ta tambaya kan rawar da kamfanin talla ya taka a labarin. Daga nan mutane suka fara zargin duk wanda aka ce intanet ya fito da shi.

Arctic Monkeys suna da manaja tun da wuri, kuma daga tsakiyar 2005 gidan rediyon BBC da mujallar NME sun yi ta zuzuta su. Ba a isa lamba ɗaya da faifan hannu kaɗai. Amma jerin abubuwan a bayyane yake: ɗakuna sun fara cika kafin jaridun Landan su waiwayo. Su kansu zuzutawar ta dame su, har a farkon bidiyon waƙarsu ta farko Turner ya gargaɗi masu kallo kada su yarda da zuzutawar. Sun kuma ƙi gayyatar shirye-shiryen talabijin da dama a lokacin da kowa ke neman su.

Duk huɗun suna nan tare?

Uku suna nan. Andy Nicholson bai bi su rangadin Arewacin Amurka ba a tsakiyar 2006 saboda gajiya, aka ɗauko Nick O'Malley, wani abokinsu ɗan Sheffield, ya riƙe masa. A watan Yuni aka sanar cewa Nicholson ya bar ƙungiyar. Shekaru bayan haka ya bayyana cewa rabuwar ta yi masa ciwo ƙwarai. Wannan ɓangaren labarin yana taɓa ni, domin yana cikin waɗanda suka ɗauki wahalar gareji da ƙananan ɗakuna, sai nasarar ta zo da gudun da ya raba shi da abokan ƙuruciyarsa. Ya ci gaba da harkar kiɗa da ɗaukar hoto.

Bayan kundin farko fa?

Sun fitar da na biyu a Afrilun 2007, a watan Yuni kuma suka zama manyan baƙi a bikin kaɗe-kaɗe na Glastonbury, matsayin da suka sake riƙewa a 2013 da 2023. Na uku, a 2009, sun ɗauki wani sashensa a hamadar California tare da makaɗin Amurka Josh Homme, kiɗan ya yi nauyi ya rage gudu. Sun yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012. Kundin AM na 2013 shi ya buɗe musu Amurka sosai. Na 2018 da na 2022 sun karkata ga fiyano da kiɗa mai sanyi, abin da ya raba kan masoyansu. Kundi bakwai ke nan, shida na farko duk sun hau lamba ɗaya a Birtaniya.

Akwai makamancin wannan labari a kusa da mu?

Akwai, kuma a kan jita. Mdou Moctar, Buzu ɗan Jamhuriyar Nijar, ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa, da wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Ba a fitar da shi a kasuwa yadda aka saba ba. Waƙoƙin suka riƙa tafiya daga waya zuwa waya ta bulutut da katin memori, har suka ƙetara zuwa Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji su, ya sa ɗaya a wani tarin da ya fitar a 2011, sannan ya nemo mai waƙar. Yau Mdou Moctar yana da ƙungiyar rock da ke zaga duniya, kamfanin Matador na Amurka ya fitar masa da kundi a 2021. A nan ko intanet ɗin ma babu, amma aikin iri ɗaya ne: wanda ya ji ya so, shi ya tura.

Yaran da suka fara yau za su iya bin wannan hanya?

Wani ɓangaren ya yi sauƙi, wani ya yi wuya. Ɗaukar waƙa da ɗora ta yanzu aikin waya ɗaya ne. Amma ƙididdigar masana'antar ta nuna ana ɗora waƙoƙi kimanin dubu ɗari a kullum a manhajojin saurare, kuma yawanci na'ura ce ke zaɓar abin da za a nuna wa mutum, ba aboki ba. Su kansu Arctic Monkeys sun amfana da sabon tsarin: wasu tsofaffin waƙoƙinsu na 2007 da 2013 sun sake tashi a TikTok a hannun yaran da ba a haifa ba lokacin wasan The Grapes.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙananan wuraren wasa. The Boardwalk ya rufe a 2010. Ƙungiyar Music Venue Trust ta ce a 2023 kaɗai wurare 125 irin waɗannan a Birtaniya sun rufe ko sun daina karɓar makaɗa. Ƙungiyar rock tana koyon sana'arta ne a gaban mutum hamsin, ta yi kuskure, ta gyara, ta dawo mako mai zuwa. Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya koyar da wannan.

Ina MySpace ya shiga, kuma ana iya jin waƙoƙin gwajin har yanzu?

Facebook ya kwashe masa jama'a, YouTube da Spotify suka kwashe masa masu saurare. A 2011 aka sayar da shi kan kusan dala miliyan 35. A Maris na 2019 kamfanin ya amince cewa wajen sauya na'urorin ajiya ya rasa waƙoƙin da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50, na mawaƙa kusan miliyan 14. Mafi yawansu na yara ne irin waɗannan, da suka kafa ƙungiya a gareji, suka ɗauki waƙa uku, ba su taɓa samun kamfani ba, kuma da yawansu ba su ajiye kwafi a wani wuri ba. Ma'ajiyar Internet Archive ta samo kimanin 490,000 daga ciki ta adana.

Waƙoƙin gwajin Arctic Monkeys sun tsira saboda ba a wuri ɗaya suke ba. Suna cikin kwamfutoci da faifan dubban mutane. Ƙungiyar ba ta taɓa fitar da Beneath the Boardwalk a hukumance ba, don haka ba za a same shi a jerin kundayenta a manhajojin saurare ba. Masoya dai sun ɗora shi a YouTube, kuma wanda ya saurare shi tare da kundin 2006 zai ji waƙoƙi da yawa iri ɗaya, sai dai a ɗaukar gwajin muryar Turner ta fi ƙuruciya, kiɗan kuma bai kai na kundin gogewa ba.